Daga Motar Kara Zuwa Lego: Tarihin Kayan Wasan Da Ke Daɗewa A Hannun Yaro



Da zarar Sallah ta matso, ko ƙarshen shekara ya zo, teburan 'yan kasuwa kan cika da kayan wasan yara: bindigar roba mai ƙara, wayar roba mai waƙa, mota mai fitila, tabarau, da agogon da ba ya tafiya. Kawu ya saya, gwaggo ta saya, baƙon da ya taho daga gida ma ba ya son ya shigo hannu rabbana. Kafin mako ya zagayo taya ta cire, batir ya mutu, yaron ya koma wasa da kwalin da aka sako motar a ciki. Sai a share ɓaraguzan a kai bola. A wannan zamani da magidanci ke lissafin kowace naira, wannan asara ce, kuma wani lokaci takan zo da haɗari ga lafiyar yaron.

Tambayar wane abin wasa ya kamata a ba ƙaramin yaro tsohuwa ce. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kanta, kuma idan aka bi tarihinsu za a ga sun yi ta dawowa wuri guda. Abin wasan da yaro ba ya gajiya da shi shi ne wanda bai zo da wasansa a kammale ba, wanda ya bar wa yaron aikin yi.

Masu tonon kayan tarihi sun samo ƙananan amalanke da shanu na yumɓu a tsofaffin biranen Harappa da Mohenjo-daro, a ƙasar Pakistan ta yau, waɗanda aka yi kimanin shekara 4,500 da suka wuce. A Masar an samo 'yar tsana ta tsumma tun ta zamanin mulkin Rumawa. Duk wanda ya tashi a Arewa ba zai yi mamakin wannan ba, domin shanun laka da yara ke ginawa a bakin kududdufi bayan ruwan sama 'yan uwan waɗancan ne. Haka dokin kara, da motar kara, da motar langa-langa, da gare-gare, da tuwon ƙasa, da carafke. A lura da yadda motar kara take: yaro ne zai nemo karan, ya feƙe ɓawonsa, ya yanka cikinsa mai laushi, ya sassoka, ya yanko taya daga tsohon silifa. Rabin wasan a wajen ƙerawa yake. In ta karye, wanda ya ƙera ta ya san inda zai gyara, in kuma ta ƙi gyaruwa, kara bai ƙare a gona ba. Ba a sayen irin wannan a kasuwa, don haka ba a ma lissafa shi a cikin kyauta. Batun zaɓen abin da za a saya ya taso ne a inda yara suka yi nisa da gona kuma iyaye suka sami kuɗin kashewa, wato biranen Turai.

Tun a 1693 masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, ya taɓo maganar a littafinsa kan tarbiyyar yara. Ra'ayinsa shi ne kada a riƙa saya wa yara tarin kayan wasa, domin hakan na koya musu kwaɗayi da rashin godiya. Ya fi son a bar su da abubuwa irin su tsakuwa mai santsi, takarda, ko makullan uwarsu, su kuma ƙera nasu da kansu, kuma a ba su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kuma ya ba da shawarar a manna haruffa a jikin 'yan dunƙulen wasa don yaro ya koyi karatu yana wasa. 'Ya'yan masu hali Locke yake magana a kansu, kuma shawara kawai ya bayar, bai ƙera komai ba.

Wanda ya zauna ya tsara abin da hannunsa wani Bajamushe ne, Friedrich Froebel, da aka haifa a 1782. Mahaifiyarsa ta rasu tun bai cika shekara ɗaya ba, ya tashi cikin kaɗaici yana yawo a daji. Ya koyi aikin gandun daji, ya yi koyarwa, ya je yaƙi, sannan ya yi aiki a gidan adana duwatsu na jami'ar Berlin, inda yake jera duwatsu masu ƙyalli bisa siffarsu. A can ne ya shaƙu da yadda 'yan siffofi kaɗan ke haɗuwa su ba da abubuwa masu yawa. A 1837 ya buɗe wata cibiya ta wasan ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 kuma ya raɗa wa irin wannan makaranta suna Kindergarten, ma'ana lambun yara. Sunan da muke gani yau a allon makarantun kuɗi a kowace unguwa daga nan ya samo asali.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne kayan da ya ƙera wa yaran, waɗanda shi da kansa ya kira su da sunan kyauta. Kyauta ta farko ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu, kowanne da launinsa, don jariri. Ta biyu abu uku ne na katako: ƙwallo, da dunƙule mai fuska shida kamar dunƙulen magi, da mulmulalle mai siffar gwangwanin madara. Ta uku ita ce ta fi shahara. Akwati ne ƙarami, in an kife shi a tebur aka zare, sai a ga dunƙule guda na katako, amma da yaro ya taɓa sai ya rabu gida takwas. Da waɗannan takwas ɗin yaro zai yi kujera, ya rushe ya yi gado, ya rushe ya yi rijiya ko matakala, ya ƙirga, ya raba biyu, ya raba huɗu. Ƙa'idar Froebel ita ce a yi amfani da duka takwas ɗin a kowane gini, kuma in an gama a mayar da su dunƙule guda a rufe a akwati. Kyauta ta huɗu tubala takwas ce masu siffar bulo, na gaba kuma suna ƙara yawa da wahala gwargwadon girman yaro.

Ba su da fenti, ba su da fuska, ba su da suna. A ganina nan hikimar take. Motar roba mota ce yau, mota ce gobe. Guntun katako kuwa yau mota ne, gobe burodi, jibi waya, gata katangar gidan sarki.

Abin mamaki, hukuma ta ji tsoron waɗannan makarantu. A 1851 gwamnatin Furushiya, babbar daular Jamus a lokacin, ta haramta Kindergarten bisa zargin yaɗa aƙidar gurguzu da rashin addini, kuma ana ganin har da rikita Froebel da aka yi da wani ɗan ɗan'uwansa, Karl Froebel, mai zafin ra'ayi. Tsohon ya rasu a 1852 yana cikin wannan baƙin ciki. Sai a 1860 aka ɗage haramcin, amma kafin nan ɗalibansa, yawancinsu mata, sun riga sun kai tsarin Ingila da Amurka. A baje kolin da aka yi a Philadelphia a 1876, wata mata mai suna Anna Wright ta ga waɗannan tubala ta saya wa ɗanta mai shekara tara. Yaron shi ne Frank Lloyd Wright, wanda ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen gine-gine na ƙarni na 20, kuma har tsufansa yana danganta yadda yake ganin siffar gini da waɗancan tubalan. Ba na cewa duk yaron da aka ba katako zai zama injiniya. Dubban yara sun yi wasa da su sun zama manoma da teloli. Amma kyautar da mutum zai tuna da ita yana da shekara tamanin ta cancanci kuɗinta.

Tsarin Froebel yana da nasa aibin. Bayan rasuwarsa malamai suka mayar da shi darasi mai tsauri: kowa ya zauna a tebur, malama ta ce a ɗora wannan a kan wancan, kowa ya kwaikwaya. Tubalan kuma ƙanana ne ga hannun ɗan shekara uku. Wata malama a New York, Caroline Pratt, wadda ta koyi aikin kafinta kuma ta koyar da shi, ita ce ta gyara wannan. A 1914 ta buɗe makarantarta a unguwar Greenwich Village, wadda har yau tana nan da sunan City and Country School. Ta yanka tubala manya da za a baje a ƙasa, ta kuma janye umarnin malami. Dabararta a awo take. Tubali na asali yana da tsawon kusan santimita 14, faɗi 7, kauri 3.5, wato faɗin rabin tsawo ne, kaurin kuma rabin faɗi. Sauran duka rabin wannan ne, ko ninkinsa biyu, ko huɗu. Saboda haka duk yadda yaro ya jera su sai sun yi daidai da juna, kuma da kansa zai gano cewa gajeru biyu sun yi dogo ɗaya tun kafin a koya masa lissafi. Fiye da shekara ɗari ke nan, makarantun ƙananan yara a ƙasashe da dama suna amfani da wannan awo ba tare da an canza shi ba. A riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Daga katako sai roba. Ole Kirk Christiansen kafinta ne a wani ƙaramin gari mai suna Billund a ƙasar Denmark. Da karayar tattalin arzikin duniya ta hana mutane gina gidaje, sai a 1932 ya koma yin kayan wasa na katako, irin su agwagwa mai taya da motoci. A 1934 ya sa wa kamfanin suna Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. A 1949 suka fara yin tubalan roba, bisa samfurin da wani Baturen Ingila, Hilary Page, ya riga ya fitar da sunan Kiddicraft. Na farkon ba sa kama juna sosai, gini kan zube da an ɗaga. Ɗansa Godtfred ne ya ƙara 'yan bututu a ƙarƙashin tubalin, aka yi rajistar wannan fasaha ranar 28 ga Janairun 1958. A 1960 gobara ta cinye sashen katako na kamfanin, daga nan suka tsaya ga roba kaɗai.

Abu biyu ne suka ɗaukaka Lego. Na farko, ba su taɓa canza awon ba: tubalin da aka yi a 1958 yana shiga cikin wanda aka yi bana, don haka abin da uba ya yi wasa da shi ɗa zai gada ya ƙara a kan nasa. Na biyu, yawan abin da za a iya yi da kaɗan. Wani masanin lissafi ɗan Denmark, Søren Eilers, ya ƙirga da kwamfuta cewa tubala shida kacal masu ƙulli takwas-takwas za a iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Sai dai a faɗi gaskiya, Lego ɗin ma ya bi kasuwa. A 1999 suka fara fitar da kwalayen fim ɗin Star Wars, kuma da yawan abin da suke sayarwa yanzu ya zo da littafin umarni: bi shafi ɗaya zuwa na ƙarshe, ka sami abin da ke jikin kwali, ka ajiye a kan kanta. Wannan ya fi kusa da aikin haɗa kujera da aka sayo a kwali. Ga ƙaramin yaro, bokitin tubala barkatai ya fi shi amfani. Kuma na asalin yana da tsada ƙwarai a kuɗinmu.

Yaya aka yi kasuwa ta cika da abin wasa mai mutuwa cikin mako? Talabijin na da hannu babba. Kafin shekarun 1950, a Amurka ana tallan kayan wasa ne galibi gab da Kirsimeti, kuma iyaye ake yi wa tallan. A 1955 kamfanin Mattel ya zuba dala 500,000, kusan duk abin da ya mallaka, ya ɗauki nauyin talla a shirin yara na Mickey Mouse Club har tsawon shekara, yana tallan wata bindigar wasa. Ta yi kasuwa ƙwarai. Daga ranar 'yan kasuwa suka gane cewa in ka shawo kan yaro, shi zai shawo kan ubansa. A farkon shekarun 1980 abin ya ƙara gaba: aka fara ƙera abin wasan tukuna, sannan a shirya masa fim ɗin katun. He-Man ya fito a kanti a 1982, shirinsa ya biyo baya a 1983, a 1984 kuma hukumar kula da kafafen sadarwa ta Amurka ta sassauta ƙa'idojinta kan talla a shirye-shiryen yara. Irin wannan abin wasa yakan zo da sunansa, da labarinsa, da abokin gabansa wanda shi ma sai an saya. An riga an yi wa yaro tunanin, saura ya maimaita. In sabon fim ya fito, na jiya ya zama tsohon yayi ko da bai karye ba.

A lokaci guda masana'antun suka yi ta ƙaura zuwa inda aiki ke da arha, daga Japan zuwa Hong Kong, daga nan zuwa lardin Guangdong na ƙasar Sin, inda gundumar Chenghai ta birnin Shantou ta shahara da wannan sana'a. Mafi yawan kayan wasan duniya yau a Sin ake yin su, masu kyau da marasa kyau. Ɗan kasuwa ne ke faɗin farashin da zai iya biya, a yi masa daidai kuɗinsa, kuma mun san irin wanda ke isowa teburin bakin titi. A 2007 kamfanin Mattel, duk da girmansa da masu bincikensa, sai da ya janye kayan wasa kimanin miliyan 20 daga kasuwa, wasu saboda fenti mai dalma, mafi yawa saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa yara su haɗiye. To ina ga abin da ba shi da sunan kamfani ko adireshi a jikinsa? Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce ta shiga jikin ƙaramin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaro ɗan shekara ɗaya kuwa komai baki yake kaiwa.

Akwai wasu haɗurran da suka fi wannan saurin aukuwa. Batir ɗin nan ƙarami mai kama da maɓalli, irin na agogo, da ake sa wa kayan wasa masu fitila da waƙa, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Wannan na asibiti ne nan take, ba a jira a ga ko zai fita. Bindiga mai harba 'yan ƙwayoyin roba kuma ido take nema. A Amurka da Turai ƙa'idar ita ce duk abin da zai shige cikin bututu mai faɗin kusan santimita 3 bai dace da yaron da bai kai shekara uku ba. Wannan ya haɗa da ƙananan tubalan Lego, shi ya sa kamfanin ya fito da manya masu suna Duplo a 1969.

Binciken zamani bai yi nisa da maganar Locke ba. A wani nazari da Anna Sosa ta jami'ar Northern Arizona ta wallafa a 2016, an naɗi muryar iyaye 26 suna wasa da jariransu 'yan wata 10 zuwa 16. Lokacin da abin wasan mai batir ne mai magana, iyayen sun rage magana kuma musayar murya tsakaninsu da yaran ta ragu, idan aka kwatanta da lokacin tubala ko littafi. Na'urar ta karɓe hirar. A jami'ar Toledo kuma, a binciken da ya fito a 2018, an ba yara 36 'yan wata 18 zuwa 30 kayan wasa huɗu a wani zama, goma sha shida a wani. Da huɗun sun fi daɗewa a kan kowanne, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Yaran da aka gwada ba su da yawa, don haka kada a ɗauki abin kamar yankan wuƙa, amma duk uwar da ta ga ɗanta ya yi awa guda da murfin tukunya da ludayi ta san inda maganar ta dosa. Har gidan tarihin wasanni na The Strong da ke Rochester a jihar New York, wanda ke karrama fitattun kayan wasa, ya shigar da kwali cikin jerinsa a 2005, ya shigar da sanda a 2008. Dokin kara ya sami lambar yabo ke nan, ko da ba da sunansa ba.

Yaranmu da ke tasowa a biranen Kudu suna cikin halin da ya haifar da tubalan Froebel da na Pratt. Gidan haya ne, ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida siminti, waje kuma titi ne da babura. Babu karan dawa, babu kududdufin da za a ɗebo laka, kuma ba kowace uwa ce za ta bar yaro ya fita tsince-tsincen gwangwani ba. Abin da ya rage masa shi ne wayar babarsa da abin da muka saya masa. Shi ya sa zaɓin mai kyauta ya fi nauyi a nan fiye da a ƙauye, inda ko ba ka kawo komai ba yaro zai samo nasa.

Da kuɗin bindigar roba biyu ko uku ana iya samun ƙwallo mai kyau, ko ƙananan tukwane da kofuna na silba masu shiga cikin juna, ko 'yar tsana ta yadi da tela zai ɗinka da ragowar atamfa, ba tare da idon maɓalli da zai cire ba, ko allo da alli. Kafin a biya, a juya abin a hannu a tambayi kai: me yaro zai yi da shi ban da danna shi? In ya faɗi daga kan gado zai rayu? Ƙaninsa zai same shi?

Tubalan Pratt kuwa ba sai an yi odarsu daga waje ba. Ita kanta ba ta yi musu rajistar mallaka ba, kuma duk kafintan unguwa zai iya yanka su, sau da yawa ma daga ragowar katakon da ke zube a shagonsa. A ba shi awon a rubuce: 14 da 7 da 3.5 a santimita, sai rabinsa mai 7 da 7, sai dogo mai 28. Guda talatin zuwa arba'in sun isa farawa, kuma 'yan uwa biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su yi wa gida ɗaya. A nemi busasshen katako mai ƙwari wanda ba ya tsagewa, a tabbatar ba wanda aka shafa wa maganin gara ba ne, a goge kowane gefe da samfefa har sai ya yi santsi a tafin hannu, a kashe kaifin kusurwoyin. Kada a yi musu fenti. A matsa wa kafintan lamba a kan awon, domin in wani ya fi wani da ko rabin santimita ne, gini zai riƙa karkacewa, yaron kuma zai ɗauka laifinsa ne.